Me ya sa hotunan kyamarata Instax Mini Evo ke fitowa fari fat?

Tambaya: A allon kyamarar hoton yana da kyau, amma da na buga sai takardar ta fito fari fat. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, galibi haske ne ya taɓa fim ɗin. Kowane fakiti takarda 10 ne, kuma baƙin marfin da kyamarar ke tofarwa da farko shi ke kare su. Bayan ya fita, buɗe ƙofar baya ko na daƙiƙa ɗaya yana ƙona takardun sama. Kada ki sake buɗewa sai fakitin ya ƙare.

Hotonki bai ɓata ba, yana ajiye cikin kyamarar ko a katin ajiya na microSD. Idan wannan fakitin ya ƙare, saka sabo, ki ja sandar bugawa, ki jira kamar daƙiƙa 90 ba tare da kaɗa takardar ba. Zafin da ya haura digiri 40, irin na mota a rana, shi ma yana dusashe launi.