Ka tambaye ni hasken Taos, to zauna ka ji

Ka aiko cewa wani mai harkar yawon buɗe ido zai tafi da kai Taos ta jihar Niyu Meziko a Amurka ka ɗauko masa gine-ginen ƙasa, kana tambaya: "Maigida, me ya sa ginin ƙasa ke fito mini a daskare kamar tuwo, sama kuma ta ƙone fari?" Can ƙasa ka ƙara da cewa ya ce ka fara tura masa hotunan duka, kuɗi su biyo baya. Wannan layin na ƙarshe ne ya sa na ɗauki waya, da ban tanka maka ba.

Maganar saita kyamara ba zan ɓata bakina ba. Shekara uku kana riƙe mini jaka, in ba ka iya ba ka koma sayar da katin waya. Tuwon da kake gani kuwa laifinka ne, da rana tsaka kake fita. Ginin ƙasa hasken gefe yake so, wanda zai bi jikin yaɓe ya tono sawun tafin hannu. Abin da na nuna maka ke nan a bangon Gidan Makama, kana can kana latsa waya. Sai dai Taos ba Kano ba ce. Garin na kan tudu, sama da mita 2,000 daga teku, iska busasshiya, babu ƙurar hunturu da za ta tausasa maka rana. Inuwa baƙa ƙirin take fitowa. A jikin bango za ka auna haske. Gilashin nan mai duhunta sama da kuke so, cire shi, shuɗin can ya ishi kansa, in ka ƙara sai ya koma baƙi ɓari guda.

Zamanin fim, ina can ina buga-buga, wani mai buga kalanda ya ba ni aikin hoto goma sha biyu. Baki da baki muka yi, har da riƙe hannu da dariya. Na tashi daga Albakarki, babban birni a jihar, da kuɗin aljihuna, na sayi silaid, wanda ku 'yan yanzu ba ku sani ba: ba shi da nagatif, abin da ka ɗauka shi ne asali, ya ɓata ya ɓata ke nan. Kwana tara ina kwana a mota, sanyi na cin yatsuna. Na tsaya bayan cocin San Faransisko da ke Rancos, kusa da Taos, mai ƙugu kamar giwa ta durƙusa, wanda jama'a ke taruwa duk watan Yuni su sake yaɓe shi da laka da ciyawa. Na shiga tsohon garin mutanen Fuwebulo, 'yan asalin ƙasar, nan gefen Taos, inda Hlauuma, gidan arewa, ya hau hawa biyar da dutse a bayansa, rafi ya ratsa tsakiyar fili, ba lantarki ba famfo a cikin ganuwa don haka suka zaɓa wa kansu. Kan azara ya leƙo ta bango, sai ka rantse hannun maginanmu ne. Yamma uku na jira duwatsun Sangire de Kiristo su yi jan nan nasu na faɗuwar rana, da ba ya kai ka gama shan shayi.

Akwai wata dattijuwa mai gasa burodi a tanderun ƙasa. Kwana biyu ina sayen burodinta kafin na roƙe ta hoto. Ta ce na ɗauka, amma na ajiye wa kaina, kada ta ga fuskarta a kasuwa. Na ce na ji.

Na kai wa mai kalandar kwali guda na silaid, ban ware nata ba, wautata ke nan. Ya ce na bar masa ya duba da abokan aikinsa. Bayan mako biyu ya ce jan ya yi yawa, ba za su saya ba, kwalin kuma ana nema. Jan ya yi yawa! Ƙasar Allah ce ja, ni na rina ta? Ƙarshen shekara na shiga wani kanti na tarar da kalanda a rataye, hotunana bakwai, babu sunana, ga dattijuwar nan a watan Maris tana kallona. Lauya ya tambaye ni takarda, na ce riƙe hannu muka yi. Kuɗin na haƙura tuni. Garin ne ban sake iya shiga ba, da wane ido zan wuce ta gaban tanderunta?

Mutanen Fuwebulo ba abin wasa ba ne. A 1680 suka kori Sifaniyawa daga ƙasarsu, suka kuma yi shekara sittin da 'yan kai suna jayayya da gwamnatin Amurka har ta mayar musu da tafkinsu mai tsarki a 1970. Kai da kyamarar aro ba za ka fi su wayo ba. Hoton sayarwa sai da izinin hukumar garin nasu tun kafin ka je, ka ga takardar da idonka, kada ka yarda da "na gama da su" daga bakin mai aikinka. Ranar bikin San Jeronimo, 30 ga Satumba, ba a ɗaukar hoto sam. Inda tsani ya fito daga ɗakin ibadarsu na ƙarƙashin ƙasa, ko kusa kada ka je. Jirgin nan mara matuƙi da kuke yi wa kirari, bar shi a gida. Wajen ƙarshen sanyi sukan rufe garin makonni, kuma kullum tun la'asar suke sallamar baƙi, don haka ka matsa masa ku je Oktoba ko Nuwamba, lokacin da rana ke bi ta ƙasa-ƙasa.

Rabin kuɗi ya shiga asusunka kafin ka hau jirgi, a rubuce. Ƙananan hotuna masu tambarinka za ka tura masa, manyan su zauna wurinka sai ya cika. Batir ɗin ajiya ka sa a aljihun ciki, sanyi na shanye shi. Kuma ka dawo mini da ƙafar kyamarata kafin Juma'a, ba da ita za ka tafi ba.