Rage ƙiba ba tare da horar da kai da yunwa ba

'Yar'uwa, kin ce kin daina cin abincin rana tsawon wata biyu, amma nauyinki bai motsa ba. Ni ma na taɓa yin haka. Abin da ke faruwa shi ne, da dare yunwa ta kama ki, sai ki rama har da ƙari.

Ki koma cin abinci sau uku, ki rage yawan abin da kike zubawa. Rabin faranti ya zama ganye da kayan lambu. Ki sa ido a kan mai sosai: giram ɗaya na mai yana da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) 9, sitaci kuwa 4 ne kawai. Cokali biyu na mai da ba ki lura da su ba sun isa su ɓata lissafin yini. Lemon kwalba kuma, ki maye shi da ruwa.

Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya na nauyi a mako ya wadatar. Shayin rage ƙiba da ake talla, yawanci gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita.

In kina da ciwon suga, hawan jini ko juna biyu, fara ganin likita tukuna.