Na biya kashi biyu cikin uku na kuɗin gida, mai shi ya ce ya fasa

Tambaya: Assalamu alaikum Lauya. Na yi cinikin gida a Sawaba, nan Kumasi, da wani Alhaji. Mun rubuta takarda a gaban dillali da shaidu biyu, na biya kashi biyu cikin uku, sauran sai ya gyara rufi ya miƙa mini takardu. Yau wata biyar ke nan. Yanzu ya ce ko in ƙara kuɗi ko in karɓi nawa. 'Yan'uwana sun ce tunda na biya gida ya zama nawa, in fasa kwaɗo in tare, ko in kai shi wurin 'yan sanda.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Duk abin da zan faɗa ya rataya ne a kan abin da takardarku ta ƙunsa, saboda haka ka ɗauke shi a matsayin shawarar farko.

Gidan bai zama naka ba tukuna. Nan ne 'yan'uwanka suka kuskure, kuma kuskuren yana iya jawo maka asara. Abin da ke hannunka alkawarin sayarwa ne, mallaka kuwa ba ta komawa gare ka sai an rubuta takardar miƙa mallaka, wadda muke kira indenca, an biya harajin hatimi, sannan a kai ta rajista a Hukumar Filaye. Ranar da ka fasa kwaɗon nan, ka ba Alhaji abin da zai yi ƙararka da shi, alhali yau kai ne mai kuka. 'Yan sanda kuma ba sa tilasta ciniki. Suna shiga ne idan akwai damfara, misali ya sayar maka da gidan da ya san ba nasa ba, wanda laifi ne a sashe na 131 na Dokar Laifuka ta 1960. Saɓa alkawari kaɗai yawanci maganar kotun farar hula ce.

Amma shi ma Alhaji ba shi da ikon da yake zato. Ba a cin kuɗin mutum wata biyar sannan a tashi da sabon farashi, sai fa in takardar ce ta ba shi wannan dama. Sashe na 34 na Dokar Filaye ta 2020 ya ce ana iya tilasta cinikin fili ko gida idan yana rubuce kuma wanda ake ƙara ya sa hannu. Idan takardarku ta fayyace gidan, farashinsa da sunayenku, lauya zai iya roƙon kotu ta umarce shi ya kammala cinikin. Sai dai alƙali ne ke duba dacewar wannan umarni. Zai tambaya ko ka cika naka ɓangaren, ko sauran kuɗin suna nan a shirye, ko ka yi jinkirin neman haƙƙinka. Idan kuma gyaran rufin da baki kawai aka faɗa, ko ba a sa masa rana ba, tabbatar da shi zai yi wuya.

Akwai abin da ya fi damuna a kan duk wannan: shin Alhaji yana da ikon sayarwa shi kaɗai? Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana mallaka ta har abada a kansu. Abin da yake sayar maka sauran shekarun hayarsa ne, kuma galibi sai da amincewar masarautar da ta ba da filin. Idan gidan gado ne, sai da hannun masu kula da gadon. Idan ya saye shi a cikin zaman aure, sashe na 47 na Dokar Filaye yana buƙatar amincewar matarsa a rubuce. Kotu ba za ta iya sa shi ya ba ka abin da ba ya hannunsa ba.

To, a yi bincike a Hukumar Filaye cikin makon nan, lauya ya rubuta masa wasiƙa da wa'adi, kamar yadda aka saba. Idan ka ji ƙishin-ƙishin wani mai saye, kada a jira: a shigar da takardar gargaɗi a Hukumar Filaye, wadda ke sanar da cewa kana da haƙƙi a gidan, in filin yana da rajista, ko a nemi kotu ta dakatar da sayarwar, domin wanda ya saya bai san da kai ba yana iya rinjayarka. Kuma idan dillali ya zo maka da kuɗi a jaka yana cewa ka ƙirga, kada ka taɓa su. Karɓa tana iya zama shaidar ka yarda an warware cinikin.

Duk da haka, sulhu nake ba ka shawarar farawa da shi. Shari'ar fili tana cin shekaru, kuma sashe na 98 na Dokar Filaye ya sa neman sulhu gaba da ƙara a yankunan da aka ayyana don rajistar mallakar fili, ko da yake lauyoyi suna jayayya kan iyakarsa. Ku zauna gaban limami ko Sarkin Zango, ko mai sulhu na kotu, amma a rubuta abin da aka cimma kowa ya sa hannu, Dokar Sulhu ta 2010 tana ba irin wannan yarjejeniya ƙarfi. Kana iya ɗaukar gyaran rufin a cire kuɗinsa daga abin da ya rage, a miƙa takardu da makulli a zama ɗaya da biyan ƙarshe. Idan mayar da kuɗi aka zaɓa, kada ka amince da adadin da ka bayar tsurarsa, domin darajar sidi ba ta tsayawa wuri ɗaya. A lissafa da abin da ka kashe, a sa ranar biya da abin da zai biyo baya in ya saɓa.

Ka tara takardar cinikin, rasit, bayanan banki ko na MoMo (tura kuɗi ta waya) da saƙonnin WhatsApp, ka kai wa lauya kafin ka sake magana da Alhaji.