Tambaya da Amsa: Takardar muhalli kafin kafa masana'antar jima

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni majemi ne a Damagaram, sana'ar da na gada wurin mahaifina, kuma da bagaruwa da toka muke aiki. Yanzu ina da niyyar sayo injuna in koma jima da sinadarin kurom, har na samu fili a bayan gari. An ce mini sai na nemi takardar muhalli. Gaskiya ne, kuma daga ina zan fara? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka, kuma ina roƙonka kada ka aza tubali ko ɗaya a filin nan kafin takardar ta shigo hannunka. Dokar ƙasar Nijar mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayu 2018, tare da ƙudurin gwamnati na watan Janairun 2019 da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita, ta wajabta a auna illar irin wannan aiki tun kafin a soma shi. Hukumar BNEE, wato hukumar ƙasa mai auna illar ayyuka ga muhalli, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, ita ce mai duba takardun.

Ka fara da tuntuɓar reshen ma'aikatar muhalli na jihar Damagaram kan yadda za ka shigar da sanarwar aikinka, wadda za ta nuna wurin, da yawan fatun da za ka jeme, da sinadaran da za ka yi amfani da su. Daga nan hukumar za ta sa aikin a ɗaya daga rukunai huɗu, A zuwa D, inda rukunin A yake bukatar bincike mai zurfi daga ƙwararru, da zama da mutanen da ke kewaye. Ministan muhalli ne yake sa hannu a takardar shaidar.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne ruwan da zai fita daga masana'antar. Ruwan cire gashi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan kurom kuwa shuɗi-shuɗi ne, kuma kurom ba ya ruɓewa a ƙasa yadda ragowar bagaruwa take yi. Kai ma ka san garinmu a kan dutse yake zaune, har sai an jawo mana ruwan sha daga Gogo da Arunguza, don haka tabkin da dabbobi suke sha, yara suke wanka a cikinsa da damina, ba abin wasa ba ne. Ka tanadi kwatami biyu masu daɓen siminti, ka raba ruwan kurom da sauran, a bar laka ta kwanta, a busar da ita a ajiye a rufe, kada a ba manomi ita a matsayin taki.

Duk alkawarin da ka rubuta a tsarin kula da muhalli, wato takardar da za ta bayyana matakan da za ka ɗauka don rage illar aikin, jami'ai za su zo su duba ko ka cika shi, saboda haka ka sa kuɗin kwatamin nan cikin lissafin jarinka tun yanzu, tare da kuɗin injuna.