Tambaya da Amsa: Wai mene ne "yapping" ɗin nan da yara ke faɗa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Nima, yarinyata tana sakandare kuma kullum sai na ji tana ce wa ƙaninta "stop yapping", to ranar Asabar ina mata faɗa kan wanke-wanke sai na ji ta faɗi kalmar ƙasa-ƙasa. Don Allah zagi ne ko me? Daga Maman yara, Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Ba ashar ba ce, amma fa ba kalmar da ɗa zai faɗa wa uwarsa ba ce.

Asalinta "yap", kuma a Turanci haushin ƙaramin kare ake nufi, ba babban kare mai gadi ba, irin kwikwiyon nan mai siririyar murya da ke ta kai-kai-kai ba tsayawa har kan mutum ya yi ciwo. Kalmar ta haura shekara 300, daga baya Turawa suka ɗora ta kan mutumin da ke zuba ba kai ba gindi, a Amurka ma har baki suke kira da ita, idan aka ce "shut your yap" to rufe min baki kenan. Wajen 2023 ta sake tashe a TikTok, daga nan yaranmu suka kwaso ta a waya.

Da Hausa surutu ne ko ɓaɓatu, wani lokaci mita. Kin san mai tallar magani da ke tashi cikin mota ya fara zuba tun daga Circle har Kaneshie bai haɗiye yawu ba? To shi yara za su kira "yapper". Tsakanin tsara da tsara wasa ne, har yarinya takan ce ta kwana tana "yapping" da ƙawarta, wato hira ta yi daɗi, wannan ba komai.

Inda abin ya dame ni shi ne naki Hajiya. Faɗan uwa tarbiyya ne ba surutu ba, kuma ina kyautata zaton yarinyar ba ta san da kare a cikin maganar ba, ta ji ana yayi ne ta ɗauka. Kada ki tara mata mutane. Ki bari dare ya yi kuna ku biyu, ki tambaye ta ko ta san asalin kalmar, idan ta ce a'a ki faɗa mata, sannan ki ce ta maimaita miki abin da ta faɗa ranar Asabar da Hausa.