Mai nutso na sa-kai zai iya taimakon binciken murjani?

Malam, ka tambaya ko mai iya ninƙaya wanda bai yi karatun kimiyya ba zai iya taimaka wa masu kare halittun teku. Zai iya, domin masana ba su da yawan da za su leƙa kowane dutsen murjani, wato tudun da ƙananan halittun da ake kira murjani ke ginawa a ƙarƙashin teku.

Mafi sauƙi shi ne shirin CoralWatch na Jami'ar Queensland da ke Ostireliya, wanda aka fara a 2002. Da tabarau da bututun numfashi kawai, za ka kwatanta launin murjani da wani katin launuka, ka rubuta mafi haske da mafi duhu, sannan ka tura sakamakon. Koɗewar launi alama ce cewa zafin ruwa ya sa murjanin ya rabu da ƙananan tsirran da ke ciyar da shi. Shirin Reef Check kuwa yana buƙatar horo, saboda ana ƙirga kifaye ne a kan layi mai tsawon mita 100.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne taɓa murjani ko taka shi, sai kuma rubuta murjanin da ya koɗe kaɗai, wanda ke gurɓata bayanan. Kafin ka yi nutso da tulun iska, ka nemi ƙwararren mai koyarwa, likita kuma ya duba huhunka da kunnuwanka.