Kar ka rubuta kod biyu, ƙanena

Wallahi ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da na taɓa faɗawa ke nan. Ka ce manhajarka ta C tana haɗuwa lafiya lau a IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet, da aka mai da ku sabuwar saba (server) mai IPv6, sabon tsarin, sai ta ƙi, kana tambaya ko ka rubuta kod biyu, kowane adireshi da nasa. Kar ka soma.

Gethostbyname da sockaddr_in ɗin nan da ka cika kod da su, IPv4 kaɗai suka sani. Koma getaddrinfo, ka sa AF_UNSPEC, wato kowane irin adireshi, a hints, bayanin da kake ba ta na abin da kake nema. Za ta miƙo maka jerin adireshi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya: ka buɗe soket, wato ƙofar haɗi, ka gwada connect, in ya ƙi ka rufe ka wuce na gaba. Kar ka cafki na farko ka ce ka gama.

Ni abin ya same ni ina aiki da wani kamfani a Yaba, muna riƙe da sabar masu POS. Saura kwana biyu Babbar Sallah oga ya ce a ɗora sabon kod a daren nan. Na ce ba mu gwada ba, ya ce ba ruwansa. Na sa sabar ta saurara a kan ::, wato duk adireshinta na IPv6, ashe a Linux irin wannan soket yana karɓar IPv4 ma, sai dai adireshin yana zuwa da ::ffff: a gabansa. Mu kuma muna da jerin adireshin da muka yarda da su, muna kwatantawa harafi da harafi. Babu wanda ya dace! Duk saƙon da ke tabbatar da biya, sabar tana korarsa. Ina cikin danfo a gadar Third Mainland, motoci sun tsaya cak, cajin wayata saura 9, kira yana shigowa kan kira. Masu raguna a Agege an cire wa mai saye kuɗi, su kuma ba su ga komai ba. Har surukina mai tumatir a Mile 12 ya kira yana cewa, "Malam, ba ku ne masu na'urar nan ba?" Oga kuwa ya rubuta sunana a gaban kowa ya ce ni na karya kamfani, ya zaftare rabin albashina. Shi da ya ba da umarnin! Har yau bai ce min yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Ragon bara ma da kuɗin aro na saya.

To, don haka ka saita IPV6_V6ONLY, makunnin da ke sa soket ya karɓi IPv6 kaɗai, da hannunka, don Windows a kunne yake zuwa, Linux a kashe. Wajen accept, wato karɓar haɗi, kuma ka yi amfani da sockaddr_storage, mai ɗaukar kowane irin adireshi: sockaddr_in bayit 16 ne, sockaddr_in6 kuwa 28, in wurin bai isa ba yanke adireshin ake yi shiru, babu ko kuka. Gurbin adireshi a rumbun bayananmu harafi 15 muka ba shi, shi ma ya ci mu daga baya; INET6_ADDRSTRLEN, gurbin da ake ware wa rubutun adireshin IPv6, 46 ne a Linux.

Af, in kana gwaji a kwamfutarka, localhost, sunan kwamfutarka ita kanta, kan koma ::1 na IPv6 alhali sabarka tana 127.0.0.1 na IPv4, ka yi ta zargin intanet a banza. Kuma ka sa wa connect iyakar lokaci, don in hanyar IPv6 ta lalace sai ya tsaya yana jira kamar mai jiran NEPA. Takardar ƙa'idar intanet RFC 8305 ta 2017 cewa ta yi a jira milisakan 250 a fara gwada na gaba. In ma iPhone kake hari, tun 2016 Apple ba ta karɓar manhajar da ba ta aiki a IPv6 zalla.

Turo min hints ɗinka da wurin bind, inda kake ɗaura soket a adireshi, in an kawo wuta bayan Isha'i zan duba maka.